Bedi, Tafarnuwa da Ganyen Gwanda: Garkuwar Tumatur daga Ciwon Funfuna



Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Shugaba Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su dage da noman rani, garka ta zama rumbu na biyu ga talakan Nijar. Daga Jiratawa da Madarumfa a jihar Maraɗi, zuwa Miriya da Gidimuni a Damagaram, zuwa Ƙonni da Tabalak a jihar Tawa, har bakin kogi a Yamai, da an gama girbin hatsi sai a gangara fadama. Cikin kayan garka kuwa, tumatur yana sahun gaba. Shi ke jan miya, shi ke kawo kuɗin cefane. Wanda bai samu kasuwa ba a yanka shi a shanya, ya zama kauɗa, a ajiye har damana.

Sai dai tumatur shuka ce mai laulayi. Manomi zai sayi iri, ya yi reno, ya yi dashe, ya kwashe wata biyu yana jan ruwa safe da marece, ko yana zuba kuɗi a man inji. Ana gab da fara tsinka sai ganye ya soma tabo, ya yi rawaya, ya bushe daga ƙasa zuwa sama. Ƴaƴan da suka rage rana ta ƙone su, don babu sauran inuwa. Wanda ya ci bashi ya yi garkar, bashin na nan yana jiran sa.

Abin da mutane da yawa ke yi a wannan hali shi ne su garzaya kasuwa su sayo maganin ƙwari, irin su piya-piya, su fesa. Nan kuwa asara biyu ce. Maganin ƙwari ba ya taɓa funfuna, don funfuna ba ƙwaro ba ce. Kuɗi sun tafi, ciwo na nan, ga guba an zuba bisa abin da iyali za su ci.

Yau za mu yi bayani a kan tsirrai uku da muke da su kusa da mu: bedi, tafarnuwa da gwanda. Za mu ga yadda ake haɗa ruwansu, da ciwon da yake karewa, da wanda ya fi ƙarfinsa. Magana ɗaya muke so kowa ya riƙe: ruwan tsirran nan garkuwa ne, garkuwa kuwa tun kafin a harbo kibiya ake ɗaga ta.

MECE CE FUNFUNA?

Kowa ya taɓa ganin tuwo ko burodin da ya daɗe ya yi gashi-gashi fari, ko kore, ko baƙi. Wannan ita ce funfuna. Halitta ce mai rai, tana ci, tana hayayyafa. Iri-iri ce: wata tana kama abinci, wata tana kama ganye, wata tana zaune cikin ƙasa tana jiran saiwa.

Irin funfuna kamar ƙura yake, ido ba ya ganin ƙwayarsa. Iska na ɗaukar sa, haka fantsamar ruwa, da hannun manomi, da kayan aiki. In ya sauka bisa ganye mai danshi sai ya tsira, kamar yadda ƙwayar hatsi ke tsira bayan ruwan shuka. Daga nan ya tura siririn zare cikin naman ganyen, ya fara shan abincinsa. Tabon da muke gani sai bayan kwanaki yake fitowa. Watau ran da ido ya ga tabo, ciwo ya riga ya shige ciki. Ganyen da ya yi tabo ba ya warkewa. Abin da za mu iya shi ne mu tsare ganyen da ke da lafiya.

CUTUTTUKA HUƊU DA YA KAMATA MU GANE

Mun sa sunan da malaman gona ke kiran kowane ciwo da shi, don mu iya faɗa musu abin da muka gani.

1. Ciwon tabo mai zobe, wato altarnariyoz. Yana farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa. Tabon ruwan ƙasa ne mai duhu, in an duba da kyau za a ga zobe cikin zobe, kamar saƙar faifai. Gefen tabon yakan yi rawaya. Ciwon yana hawa sama, yana kama kara, yana kuma ɓata ɗan tumatur daga wajen maƙalarsa. Yana son ganyen da ya kwana a jiƙe, ko da raɓa ko da ban-ruwa ta sama. Yana iya ɗaukar shekara cikin busassun karan da aka bari a garka.

2. Ciwon farin gari, wato oyidiyom. A saman ganye za a ga tabo rawaya. In aka juya ganyen sai a ga fari-fari kamar an barbaɗa gari ko toka. Wannan ciwo ba ya bukatar ruwan sama, shi ya sa yake damun mu lokacin rani, musamman in rana na da ɗumi dare na da sanyi. Yana kama tattasai da tonka da yalo ma.

3. Ciwon yaushi, wato fuzariyoz. Funfunarsa cikin ƙasa take. Tana shiga ta saiwa, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Shuka takan yi yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi, ganye ya yi rawaya, sau da yawa ta gefe ɗaya. In aka tsaga karan da wuƙa za a ga jijiyoyin ciki sun koma ruwan ƙasa. Wannan funfuna tana iya zama cikin ƙasa shekaru masu yawa.

4. Ciwon faɗuwar iri a wurin reno. Iri ya tsira lafiya, bayan ƴan kwanaki gindinsa ya tsuke ya yi laushi, ya kwanta ya mutu. Yawan ruwa da cunkoson shuka ke kawo shi.

Mu lura da bambancin nan: ciwo na 1 da na 2 ta ganye suke shiga, saboda haka feshi yana iya tare su. Na 3 da na 4 daga ƙasa suke, feshin ganye ba ya kai musu.

ABIN DA YA YI KAMA DA FUNFUNA AMMA BA ITA BA CE

Kama da wane ba ta wane. In sabon ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance, shuka ta tsaya ba ta girma, wannan ciwon bairus ne da farin ƙuda ke yaɗawa. Ba shi da magani, sai a tuge shukar. In saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ake kira nematod. In ganye ya yi fari kamar takarda, aka ɗaga shi a rana aka ga ƴar tsutsa ciki, wannan ita ce tuta absoluta, wadda aka fara gani a Nijar a 2013, ta kuma yi mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a 2016. In ganye ya yi ɗigo-ɗigo da yana a ƙarƙashinsa, jan gizo ne. In kuma gindin ɗan tumatur ya yi baƙi ya lotsa, rashin daidaiton ban-ruwa ne: yau ƙishi, gobe ambaliya.

Wanda bai tabbatar da abin da ya gani ba, ya tsinki ganyen ya kai wa malamin gona. Gane ciwo shi ne rabin magani.

ME KE CIKIN TSIRRAN NAN?

Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, maina ko darbejiya, asalinsa ƙasar Indiya ne. Yau babu garin da ba shi. A kwarin Maggiya, tun daga 1975 aka soma dasa shi layi-layi don ya tare iska. Ƴaƴansa na ɗauke da sinadari mai ɗaci da ke hana ƙwari ci da girma. Man ƴaƴan kuwa yana lulluɓe ganye, ya hana irin funfuna tsira, musamman na farin gari.

Darajar wannan mai ta kai har an yi shari'a a kansa. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace na Amurka, tare da ma'aikatar noma ta ƙasar, takardar mallakar wata dabara ta yaƙar funfuna da man bedi. Mutanen Indiya da magoya bayansu suka kai ƙara, suka kawo shaidar cewa an riga an san wannan aiki a ƙasarsu. A 2000 aka soke takardar, a 2005 aka tabbatar da sokewar. Abin da manyan kamfanoni suka yi takara a kansa, ga shi yana zuba a ƙofar gidajenmu ana sharewa.

Tafarnuwa tana da sinadarin da ake kira alisin, wanda masana suka gano a 1944. Shi ke ba ta yaji da wari, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da funfuna. Abin lura shi ne, alisin ba ya samuwa sai an daka ko an niƙa tafarnuwar. Zafin wuta yana lalata shi, haka ma daɗewa. Don haka ba a dafa ta, ba a kuma ajiye ruwanta.

Ganyen gwanda kuwa, malaman gona a ƙasashen Afirka da dama sun daɗe suna koyar da amfani da ruwansa a kan ciwon farin gari. Ba ya cin kuɗi, don gwanda na cikin garake da yawa.

Akwai tsiro ɗaya da za mu guje wa: taba. Ruwan taba guba ne mai ƙarfi ga mutum, kuma ganyenta na iya ɗauke da bairus mai kama tumatur. Mai shan taba ma ya wanke hannu da sabuni kafin ya taɓa shuka.

YADDA AKE HAƊAWA

Kowane haɗi yana bukatar sabuni kaɗan, don shi ke sa ruwan ya manne bisa ganye. A yi amfani da sabunin dunƙule, gutsure kamar girman akwatin ashana ga lita 10 ta ruwa. Kada a sa garin wanki irin su omo, yana ƙona ganye.

Haɗi na farko: man bedi.
A tsinci nunannun ƴaƴa, a wanke a cire naman, a shanya a inuwa har su bushe. A ajiye su cikin buhun algarara ko kwando, ba cikin leda ba. Duk ƙwayar da ta yi funfuna a zubar da ita. Ran aiki, a ɗan daka su sama-sama don ɓawo ya fashe, a sheƙe. A daka ƙwayar ciki har ta yi laushi, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa, kamar yadda mata ke matsar man gujiya, har mai ya tsattsafo. Kilo 1 na ƙwaya yakan ba da mililita 100 zuwa 150 na mai. Don feshi, a narkar da sabuni cikin lita 1 ta ruwa mai ɗumi, a zuba mililita 50 na mai, wato kamar manyan cokula 4, a girgiza har ya yi fari kamar nono, sannan a cika da ruwa ya kai lita 10. Tunkuzar da ta rage kada a zubar: a gauraya ta da ƙasar fangali, taki ce, tana kuma rage tsutsar saiwa.

Haɗi na biyu: ruwan ƴaƴan bedi.
Wanda ba shi da halin matsar mai, ya daka rabin kilo na busassun ƴaƴa, ya jiƙa cikin lita 10 ta ruwa, ya bari ya kwana. Kashegari ya tace da ƙyalle mai kyau, ya sa sabuni. Wannan haɗi ya fi ƙarfi a kan ƙwari, irin su farin ƙuda da tsutsa, amma yana taimakawa wajen tsare ganye.

Haɗi na uku: ruwan tafarnuwa.
A daka giram 100 na tafarnuwa ta yi laushi sosai. A jiƙa cikin lita 1 ta ruwa mai sanyi, a rufe, a bari ta kwana ɗaya a inuwa. A tace, a sa sabuni, a cika da ruwa ya kai lita 10. Ana amfani da shi a kan tabo mai zobe da farin gari.

Haɗi na huɗu: ruwan ganyen gwanda.
A daka kilo 1 na ɗanyen ganye, a zuba lita 1 ta ruwa, a motsa sosai, a matse cikin ƙyalle. A ƙara lita 4 ta ruwan sabuni, ya zama lita 5. Mai son lita 10 sai ya ninka komai sau biyu.

Wanda ba shi da ma'auni, ya roƙi mai kanti ya auna masa sau ɗaya. Ya zuba abin cikin gwangwani ko kwano, ya yi alama inda ya tsaya. Daga ranar ya samu ma'auninsa. Lita 10 takan isa fili mai kimanin mita 10 a faɗi da mita 20 a tsawo, gwargwadon girman shuka.

DOKOKIN FESHI

1. A fara da wuri. Da dashe ya kama ya miƙe, kamar mako 2 bayan dasawa, a soma, ko da ba a ga tabo ko ɗaya ba.

2. A maimaita kowane kwana 7. Rana na kashe ƙarfin ruwan tsirrai cikin ƴan kwanaki, sabon ganye kuma kullum fitowa yake ba tare da kariya ba. In an ga ciwo a garkar maƙwabci, a koma kowane kwana 4 ko 5. In ruwan sama ya wanke, a sake.

3. A yi feshi bayan la'asar, zafi ya sauka, amma da sauran lokacin da ganye zai sha iska kafin dare. Feshin tsakar rana yana ƙona ganye, musamman na mai. Da marece kuma ƙudan zuma sun ragu a garka.

4. Kafin feshi a tsinke ganyen da suka yi tabo, a zuba cikin bokiti, a fitar da su daga garka a ƙone ko a binne. Kada a jefa su cikin hanyar ruwa.

5. A jiƙa ganye sama da ƙasa. Farin gari ta ƙarƙashin ganye yake shiga, wanda ya fesa sama kawai ya bar ƙofa buɗe.

6. Haɗin yau na yau ne. Abin da ya rage kada a ajiye shi sai mako mai zuwa.

7. A tace da kyau don kada bakin famfo ya toshe, a kuma riƙa girgiza famfon ana aiki, don mai yana tasowa sama. Wanda ba shi da famfo, ya tsoma tsintsiya mai laushi ya yayyafa. Famfon da aka taɓa zuba maganin kashe haki a cikinsa, kada a kusanci tumatur da shi.

8. A gwada tukuna. Duk sabon haɗi a fesa wa shuka 4 ko 5, a jira kwana 2. In ganye bai ƙone ba, a ci gaba. In ya ƙone, a ƙara ruwa.

9. A riƙa sauyawa: wannan mako bedi, mako mai zuwa tafarnuwa ko gwanda.

INDA ƘARFIN MAGANIN YA TSAYA

Gaskiya ɗaya ce, kuma ita za mu faɗa. Masu bincike a ƙasashe da dama sun gwada ruwan bedi da na tafarnuwa. A ɗakin gwaji suna hana funfuna girma ƙwarai. A fili kuwa ƙarfinsu yana raguwa, saboda rana da iska. Suna jinkirta ciwo, suna rage yaɗuwarsa, suna ba shuka lokacin da za ta nunar da ƴaƴanta. Amma ba su kai ƙarfin maganin kanti na funfuna ba, kuma ba su tayar da garkar da ciwo ya riga ya cinye. Duk wanda ya ce mana yana da ruwan ganyen da ke warkar da kowace cuta, mu kama aljihunmu.

In ciwo ya bazu duk da feshi, a nemi malamin gona ko ma'aikacin kare tsirrai. Akwai maganin funfuna na gaskiya: farar wuta ga farin gari, mankozeb ko maganin tagulla ga tabo mai zobe. A sayi wanda kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan feshi ya amince da shi, kwamitin da ya fara aiki a 1994. A karanta takardar da ke jikin kwalba ko ƙunshi: nawa ake zubawa, da kwana nawa za a jira kafin tsinka. Maganin da aka ɗura cikin kwalba marar suna, mu bar wa mai shi. Mu kuma kiyaye wannan: kada a fesa farar wuta sai an yi mako 2 da fesa man bedi, don haɗuwarsu tana ƙona ganye.

Ciwon yaushi kuwa, babu feshin da ke warkar da shi, na ganye ko na kanti. A tuge shukar da saiwarta a ƙone. Maganinsa shi ne sauya wuri da zaɓen iri. Akwai irin da ke jure masa, kamar Roma VF. Harafin F da ke cikin sunan yana nufin juriya ga fuzariyoz. Kada mu rikita shi da F1 da ake rubutawa bisa wasu ƙunsoshi. F1 yana nufin iri ne na aure, wanda ba a ajiye ƴaƴansa don shukar baɗi.

TSABTAR GARKA ITA CE UWAR MAGANI

Feshi bisa garka marar tsabta kamar zuba ruwa ne cikin kwando. Ga abubuwan da ke tafiya tare da shi:

A wurin reno, a zaɓi ƙasar da ba a yi tumatur a kanta bara ba. A ƙona kara ko haki bisa fangalin kafin shuka, ko a jiƙa shi a rufe da farar leda mako 4 zuwa 6 lokacin bazara, zafin rana ya gasa ƙasar. A shuka layi-layi, ba a cunkushe ba. A ba da ruwa da safe, daidai misali. A ajiye iri daga lafiyayyun ƴaƴa kawai, don tabo mai zobe yana bin iri.

Wajen dashe, a bar kamu ɗaya tsakanin shuka da shuka, wato santimita 50, da abin da ya ɗan fi haka tsakanin layi da layi. Iska ta samu hanya, raɓa ta bushe da wuri.

A ba da ruwa a gindi, kada a watsa bisa ganye. A shimfiɗa busasshen haki ko ɓuntun shinkafa a gindin shuka, don ƙasa kada ta fantsamo bisa ganye, kuma danshi ya daɗe. A kafa sanda a ɗaure shuka, ƴaƴa su bar ƙasa. A cire ganyen ƙasa da ke taɓa turɓaya. Kada a shiga tsinka ko gyara alhali ganye na jiƙe da raɓa.

A ciyar da shuka da takin da ya ruɓe sosai. Shukar da ke jin yunwa ita tabo mai zobe ke fara kayarwa. Amma yawan takin ure yana sa ganye ya yi taushi ya cunkushe, funfuna ta samu wurin zama.

A riƙa sauya shuka. Tumatur, tattasai, tonka, yalo da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Inda ɗayansu ya zauna bana, a huta masa shekara 3 da albasa, ko masara, ko dawa, ko shu, ko salati.

In an gama tsinka, a tuge kara duka a ƙone. Karan da aka bari tsaye shi ne rumbun ciwon baɗi. Wannan aiki na kowa ne, don iska ba ta san iyakar garka ba. In mutum ɗaya ya bar tasa ta ruɓe, maƙwabta goma za su sha wahala. Ya kamata ƙungiyoyin masu garka su tsayar da rana ɗaya ta share fadama.

MU KIYAYE LAFIYARMU

Kasancewar abu daga itace ya fito bai sa ya zama abin wasa ba. Man bedi yana da haɗari ƙwarai ga ƙananan yara in sun sha, yana iya kawo amai da suma. A ajiye shi inda hannunsu ba ya kai, kada a zuba shi cikin kwalbar man girki ko ta lemo. In yaro ya sha, a kai shi likita nan take. Mace mai ciki ta bar wa wani aikin feshi.

Ruwan tafarnuwa yana da zafi a ido da fata. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, ya rufe hanci da baki da ƙyalle, ya ba iska baya. In ya gama ya wanke jiki da sabuni. A ware turmi na musamman don bedi, in ba haka ba ɗacin zai bi fura da tuwo. Kada a wanke famfo a bakin rijiya ko cikin tabki.

A tsinki nunannun ƴaƴa tukuna, sannan a yi feshi. Kowane tumatur a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a ci, ko an fesa ko ba a fesa ba.

GANI YA KORI JI

Ba mu ce kowa ya yarda don ya karanta a jarida ba. Ga gwajin da kowane manomi zai iya yi bana. Ya ware fangali 2 masu iri ɗaya, da aka dasa rana ɗaya, ana ba su ruwa da taki daidai wa daida. Ɗaya ya riƙa fesa masa kowane mako, ɗayan ya bar shi. Ya samu littafi ya rubuta ranar dashe, da ranar kowane feshi, da haɗin da ya yi, da ranar da ya fara ganin tabo a kowane fangali, da yawan kwanon da ya tsinka. Ƙarshen rani littafin zai faɗa masa gaskiya. In mutum biyar a gari suka yi haka suka haɗa sakamako, garin ya samu ilimin da ya dace da ƙasarsa da ruwansa.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na kusa da shi. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, tana da tasha a Tarna kusa da Maraɗi. Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, wato RECA, ta fitar da takardun bayani a kan haɗa ruwan bedi da sauran tsirrai.

Ƴan'uwa, rigakafi ya fi magani. Duk lokacin da ƴaƴan bedi ke zuba, mu tara su mu shanya tun kafin a buɗe garka. Mu dasa gwanda ko biyu a bakin rijiya, mu ware fangali ɗaya na tafarnuwa. Mu riƙa zagaya shukarmu kowace safiya muna juya ganye, mu fara feshi tun tana da lafiya, mu kuma riƙe kwana bakwai ɗin nan kamar yadda muke riƙe ranar kasuwa.

Allah ya ba mu rani mai albarka.